RA'AYINMU: In Baƙi Sun Watse, Me Ya Rage A Gida?

Tun ran da labari ya iso, a ƙarshen shekarar 2025, cewa Abuja ba ta sami karɓar baƙuncin Wasannin Ƙasashe Renon Ingila na 2030 ba, an ba birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya, gardama ta ƙi ƙarewa a ɗakunan kwananmu da teburin mai shayi. Wannan ne karo na biyu, domin a 2007 ma Abuja ta nema, birnin Glasgow ya kayar da ita. Waɗansu daga cikin 'yan'uwanmu ɗalibai sun ji zafin abin ƙwarai, suna ganin an rena Afirka, tun da yake ba a taɓa yin waɗannan wasanni a nahiyar ba. Waɗansu kuwa hamdala suka yi, suka ce Allah ya raba mu da ɗawainiya, ƙasar da ke fama da tsadar abinci da rashin tsaro ina ta ga kuɗin biki. Ba al'adar wannan mujalla ba ce ta noƙe idan magana ta shafi ƙasa, saboda haka za mu faɗi namu ra'ayin. Amma kafin mu kai gare shi, ya kamata mu waiwaya mu dubi lokutan da Nijeriya ta riga ta shimfiɗa wa duniya tabarma, mu ga abin da aka samu da abin da aka yar.

Mu fara da Wasannin Ƙasashen Afirka karo na biyu, waɗanda aka yi a Ikko daga 7 zuwa 18 ga Janairu, 1973. Na farko a Barazabil aka yi su a 1965. Na biyu an shirya yin su a Bamako a 1969, sai juyin mulkin da aka yi a Mali ya wargaza shirin. Nijeriya ta karɓi nauyin alhali shekara uku kacal ke nan da tsayawar yaƙin basasa, yaƙin da ya fara a 1967 ya ƙare a Janairun 1970, ya ci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu. Ƙasashen waje da yawa sun ɗauka ƙasar nan ba za ta sake miƙewa ba. Sai ga shi an gina babban filin wasa a Surulere, ƙasashe 36 sun hallara, ana biyan kuɗin mota da na abinci da sabuwar naira wadda ta fito ran 1 ga wannan wata. A filin nan ne John Akii-Bua na Yuganda, wanda ya ciwo zinariya a wasannin Olamfik na Munich a 1972, ya sake nuna bajintarsa. A nan ne kuma wani saurayi ɗan Tanzaniya, Filbert Bayi, ya tsere wa gwarzon Kenya Kipchoge Keino a tseren mita 1,500. Masar ta zo ta ɗaya a yawan lambobin zinariya, Nijeriya ta biyu, kuma 'yan ƙwallonmu suka ci Gini biyu da nema suka ɗauki zinariya.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fahimci abin da ta gani a wannan mako biyu. A cikin shekarar ce aka ƙirƙiro Bikin Wasanni na Ƙasa, domin samari da 'yan matan jihohi goma sha biyu na lokacin su riƙa haɗuwa a fili ɗaya, a cikinta ce kuma aka kafa shirin bautar ƙasa wanda yawancinmu za mu shiga nan ba da daɗewa ba. Manufar duka biyun guda ce, watau a haɗa waɗanda yaƙi ya raba, su ci a akushi ɗaya, su san juna da suna.

Ranar da iyayenmu suka fi yawan ba mu labarinta ita ce Asabar, 22 ga Maris, 1980. Nijeriya ce mai masaukin baƙi a gasar cin Kofin Ƙasashen Afirka, ƙasashe takwas, rukuni ɗaya a Ikko ɗaya a Badun. 'Yan wasanmu, waɗanda ake kira Green Eagles a zamanin, sun ci Tanzaniya uku da ɗaya, suka yi kunnen doki da Kwaddibuwa, suka ci Masar ɗaya da nema, sa'an nan suka fitar da Maroko da ƙwallon Felix Owolabi. A wasan ƙarshe suka gamu da Aljeriya, wadda ba kanwar lasa ba ce, don kuwa bayan shekara biyu ita ce ta kayar da Jamus ta Yamma a gasar Kofin Duniya. Segun Odegbami ya jefa biyu a raga, Muda Lawal ya ƙara ta uku. Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari ya miƙa kofin da hannunsa ga kyaftin Christian Chukwu, daga baya kuma gwamnati ta ba 'yan wasan gidaje da motoci.

Muna roƙon mai karatu ya dakata a kan wannan miƙa kofi. Mutumin Sakkwato ne yake miƙawa, mai karɓa kuwa ɗan Inugu ne, kyaftin ɗin ƙungiyar Rangers wadda aka kafa a 1970 a kan tokar yaƙi. Shekara goma da suka wuce garinsu yana ɗaya gefen fagen daga. Odegbami Bayarabe ne da ya tashi a Jos. Adokiye Amiesimaka mutumin Jihar Ribas ne. Mai horar da su, Otto Glória, daga Birazil aka ɗauko shi. Dattawa suna ba da labarin yadda aka kewaye akwatunan rediyo a tashoshin mota da ƙofofin gidaje, kowa ya kasa kunne, ba mai tambayar ɗan wace ƙabila ce ya buga. Da ƙwallo ta shiga, ɗan dako ya rungumi akawu, mai unguwa ya manta da rawaninsa. Masu cewa wannan farin ciki yaudara ce ba su yi wa iyayenmu adalci ba. Abin da suka ji a zuciyarsu a wannan yammaci gaskiya ne, kuma ƙasar da ta taɓa jin haka sau ɗaya ta tabbatar wa kanta cewa tana iya ji.

Mu mutanen Arewa namu rabon ya zo ne a watan Afrilun 1999, lokacin gasar Kofin Duniya ta 'yan ƙasa da shekara ashirin. Birane takwas aka raba wa wasannin, uku daga cikinsu namu ne: Kano da Kaduna da Bauchi. An yi kwaskwarima, an share tituna, an kunna fitilu, jama'a suka fito da kyakkyawar tarba irin ta wanda ya san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mali ta fitar da yaranmu a zagayen 'yan takwas, Sifen ta ɗauki kofin. Bayan wata guda soja suka miƙa mulki ga farar hula ran 29 ga Mayu. A farkon shekarar 2000 kuma muka yi tarayya da Gana wajen karɓar Kofin Afirka, Kano na cikin garuruwan da aka buga. Wasan ƙarshe a Surulere aka yi ran 13 ga Fabrairu. Kamaru ta fara cin mu biyu, muka rama, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ƙwallon Victor Ikpeba ta bugi ƙarfen sama ta faɗa bayan layi, alƙalin wasa bai ba da ci ba, Kamaru ta tafi da kofi. Daren nan daga Sakkwato har Kalaba baƙin cikin iri ɗaya ne. Ashe rashi ma yana haɗa kai kamar yadda samu yake haɗawa.

To, a nan ne dole mu faɗi abin da ba shi da daɗin ji. Kwana takwas bayan wannan wasa, ran 21 ga Fabrairu, 2000, rikici ya ɓarke a Kaduna, maƙwabci ya ɗauki makami a kan maƙwabci, aka yi asarar rayuka masu yawa, wutar kuma ta tsallaka har waɗansu garuruwan Kudu. Mutanen da suka yi jimami tare a gaban talabijin ɗaya su ne suka raba gari biyu, kowa ya koma gefen da nasa suka fi yawa. Ba a nan aka fara ba. Shekarar 1980 da ta buɗe da kofi, da tarzomar Maitatsine ta rufe a Kano cikin Disamba, inda dubban mutane suka halaka. A Janairun 1983 gwamnati ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin mako biyu su fice, mutane fiye da miliyan ɗaya suka kama hanya da ƙunshin kayansu, akasarinsu 'yan Gana, da 'yan Nijar da Cadi da sauransu. Gana ɗin nan tana cikin ƙasashen da muka tarba a Badun shekara uku kafin nan. Gaskiya ne ita ma ta kori namu a 1969, amma ramuwar gayya ba ta wanke mai yin ta. A ranar ƙarshe ta 1983 kuwa, soja suka hamɓarar da gwamnatin da ta miƙa kofin.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Mun lura cewa haɗin kan da baƙo yake zuwa da shi ma raɓa ne, rana na ɗagawa ya bushe. Tambayar da ta kamata ɗalibi ya yi ita ce: me ke cikin filin wasa wanda babu shi a wajensa? Me ya sa mutumin da ba zai zaɓi ɗan wata ƙabila a matsayin kansila ba, yake yi wa ɗan wannan ƙabilar addu'a da zuciya ɗaya idan ya tsaya a bakin raga?

Mun yi nazari, mun ga abubuwa uku. Na farko, doka ɗaya ce a kan kowa, kuma kowa ya san ta tun kafin a hura usur. Faɗin raga bai canzawa don ɗan sarki ne zai buga. Na biyu, ana sa mutum a gurbi ne saboda ya iya. Ba wanda ya tambayi Otto Glória ko wane ne ya kawo masa takardar Odegbami, ƙafarsa ce ta yi masa shaida. Na uku, aikin a bainar jama'a ake yin sa, sakamakon kuma yana rubuce a allo. Wanda ya ɓarar da ƙwallo dubban idanu sun gan shi, ba shi da fayil ɗin da zai ɓoye a ƙarƙashin tebur. Har ma fushin da aka yi a kan ƙwallon Ikpeba yana ƙarfafa wannan magana, domin abin da ya fusata jama'a shi ne sun ga an kauce wa dokar da kowa ya amince da ita. Waɗannan abubuwa uku suna da suna ɗaya a harshenmu, shi ne adalci. Inda ɗan Nijeriya ya tabbata za a yi masa adalci, ba ya bukatar ya ɓuya a bayan ƙabilarsa ko addininsa. Inda ya san sai da hanya ake samu, tilas ya nemi nasa, ya ƙanƙame shi, ya ɗauki na wani abokin gaba. Ƙabilanci yawancinsa tsoro ne ya haife shi, tsoron kuwa rashin adalci ne ya rene shi.

Mun san wani zai ce, to ina batun rabon muƙamai tsakanin jihohi, wanda aka sa a tsarin mulki tun 1979? Ba mu ƙi shi ba, domin ƙasa mai faɗi irin tamu, wadda ilimin boko bai shiga sassanta lokaci ɗaya ba, tana bukatar kowane sashe ya ga fuskarsa a cikin gwamnati. Amma rabon nan an yi shi ne don a buɗe wa kowace jiha ƙofa ta turo mafi cancanta daga cikin 'ya'yanta. Idan aka mai da shi hanyar da babba zai cusa ɗansa ko ɗan abokinsa, ɗan talakan jihar shi ne farkon wanda aka zalunta. Haka kuma idan muna son mu ga yaran Arewa da yawa a cikin 'yan wasan ƙasa, maganin shi ne a dawo da wasannin makarantu, a daina yanka filayen firamare ana gina kantuna a kai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma batun abin da ake bari a ƙasa bayan an naɗe tabarma. Filin Surulere, wanda ya ga Akii-Bua ya ga Chukwu, an yi watsi da shi shekara da shekaru bayan an buɗe na Abuja a 2003, kujeru suka karye, ciyawa ta mutu, fitilu suka dushe. Na Abujan kansa, da aka gina don Wasannin Afirka na Oktoban 2003, mai ɗaukar mutum dubu sittin, inda Suwizalan ta ci yaranmu ɗaya da nema a wasan ƙarshe na 'yan ƙasa da shekara sha bakwai a 2009, ya lalace har sai da Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin gyaran ciyawarsa tsakanin 2020 da 2021. Christian Chukwu, da ciwo ya kwantar da shi a 2019, wani attajiri ne ya biya kuɗin jinyarsa a Landan. Ya rasu a Afrilun 2025. Wannan hali mun san shi a gidajenmu: a ci bashi a yi biki na kece raini, a fito da kwanonin da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, baƙi na tafiya a koma shan ruwa a fasasshen moɗa. Gini yana da ranar buɗewa, ana yanka ƙyalle, ana ɗaukar hoto, shi ya sa kowane mai mulki yake son sa. Gyara da kulawa ba su da irin wannan rana, aiki ne na ƙaramin ma'aikaci wanda ba a san sunansa ba, na kuɗin da ake warewa kowace shekara kuma su isa inda aka nufa.

Ga ra'ayinmu, to. Muna goyon bayan Nijeriya ta sake neman karɓar manyan wasanni, domin al'umma tana bukatar ranakun da za ta dubi kanta ta ji daɗi, kuma mun ga yadda Kwaddibuwa, wadda ita ma ta sha yaƙin basasa, ta haɗu a bayan tutarta a Abijan a Fabrairun 2024, ko da yake mu ne muka sha kashi a hannunta biyu da ɗaya. Amma goyon bayan namu da sharaɗi. A bayyana wa jama'a abin da za a kashe tun kafin a fara, a kuma buga lissafin bayan an gama. A gyara filayen da muke da su kafin a haƙa harsashin sabo. A rarraba wasannin a sassan ƙasa kamar yadda aka yi a 1999, don mutumin Bauchi da na Kalaba kowa ya ji da shi ake yi. A faɗi tun farko wanda zai riƙe kowane gini bayan biki da inda kuɗin riƙon zai fito. Ruwa da wuta da tsaron da za a tanada don baƙo, a bar wa ɗan gida su bayan baƙon ya tafi. Idan ba za a cika waɗannan ba, gara a haƙura, don kwalliyar ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Sauran maganar tamu ce, ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati. Da sauƙi mu zauna muna zargin manya, alhali abin da muke zarginsu da shi ya fara tsiro a cikinmu. Ku dubi yadda muke zaɓen shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai. Sau nawa muke tambayar me ɗan takara ya iya, kuma sau nawa muke tambayar daga wace jiha ya fito, wane masallaci ko coci yake zuwa? Ku dubi yadda muke zama a ɗakin cin abinci da yadda muke zaɓen abokan ɗaki. Mu ne muke haɗuwa mu cika ɗakin kallo muna ihu da murya ɗaya idan Super Eagles suna wasa, mu ne kuma washegari muke komawa taron 'yan garinmu muna ƙulla yadda za a kayar da wane don ba namu ba ne. Wanda ya saba da wannan yana shekara ashirin ba zai bar shi ba ran da ya zama babban sakatare.

Kai kuma ƙaramin ma'aikaci, teburinka shi ne filin wasanka. Fayil ɗin ɗan fansho da ya zo gabanka, ko sunansa Audu ko Okon, ka duba shi a kan layin da ya zo. Idan aka sa ka cikin masu tantance masu neman aiki, ka zama alƙalin wasan da ba a saye. Idan aka ba ka riƙon ɗan kuɗin gyaran famfo ko sayen man janareta, ka tuna da kujerun Surulere. Ba kowa ne zai ɗaga kofi a gaban shugaban ƙasa ba, amma duk ran da baƙon ƙabila ya shigo ofishinka a tsorace ya fita da haƙƙinsa a hannu ba tare da ya nemi ɗan garinsu ba, ka ƙara wa ƙasar nan abin da ya fi kwana goma sha biyu na biki daɗewa.

Iyayenmu sun nuna a 1973 cewa ƙasar da ta fito daga yaƙi tana iya tarbar nahiya guda, sun nuna a 1980 cewa tana iya murna da zuciya ɗaya. Abin da ba a kai ga nunawa ba shi ne tana iya riƙe wannan zuciyar bayan an kashe fitilun fili. Wannan aikin mu aka bar wa, kuma ba sai mun jira wata hukuma ta ƙasar waje ta zaɓe mu ba kafin mu fara.

Allah ya ba mu ikon yi wa juna adalci, ya zaunar da Nijeriya lafiya, amin.